Darasi na Goma Sha Huɗu: Guzurin Kwanan Daji

Karanta wannan bayani a natse, sau biyu in da hali, kafin ka taɓa tambayoyin da ke ƙarshensa.

Idan ka fita bayan garin Yola ranar da sama ta washe, ka dubi kudu, za ka hango duwatsun Vere sun yi jere kamar garu. Gaba da su, wajen iyakar Kamaru, akwai duwatsun Alantika inda mutanen Koma suke zaune. In kuwa ka bi hanyar Mayo Belwa da Jada har Ganye, za ka isa gindin duwatsun Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang ta kai tsayin mita 2,042. Daga Ganye hanya ta miƙa zuwa Toungo, ƙofar arewacin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya. Duk wanda zai kwana biyu ko uku a irin waɗannan wurare, ko ɗan sikawut ne, ko ɗalibin da malamin labarin ƙasa ya fitar yawon ganin ido, ko makiyayi, ko ma'aikacin rigakafi mai bin ƙauyukan kan dutse, akwai tambayar da ba zai tsallake ba: me za a ci? Can babu kanti, babu mai ƙosai a bakin titi. Abin da ka ɗauko a bayanka shi ne kasuwarka.

Abincin da matafiyi yake tanada don hanya shi Hausawa suke kira guzuri. Kalmar tsohuwa ce, domin bukatar tsohuwa ce. Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, da kuma bayan haka, fatake suna ratsa dazuzzuka da jakuna, wasu zuwa Gwanja sayen goro, wasu zuwa ƙasar Adamawa, suna shafe watanni tsakanin zango da zango. Alhazai ma da ƙafa suke bi ta Chadi da Sudan. Ba su da firji, ba su da abincin gwangwani. Rana da gishiri da hayaƙi da wuta su ne suka riƙe musu abinci.

Me ya sa sai busasshe?

Dalili na farko nauyi ne. Yawancin abin da kake ɗauka idan ka ɗauki ɗanyen abinci ruwa ne. Tumatir, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne; kilo guda, idan ya bushe ya zama kauɗa, ba ya cika giram 100. Tsokar nama kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce. Wanda ya hau dutse da doya a kai, rabin wahalarsa ko fiye dakon ruwa ne, ruwan da ba zai iya sha ba.

Dalili na biyu ruɓa. Ƙwayoyin cuta da funfuna ba sa yaɗuwa sai da danshi. Kai da ka san zafin Yola a watan Maris da Afrilu, sa'ad da ma'auni yake wuce digiri 40, ka san tuwon safe yakan yi yami kafin dare, nama kuma ba ya kwana. Amma a cire ruwan, sai abincin ya yi makonni yana jiranka.

To, ga inda hankali yake shiga. Ruwan da ka cire a gida bashi ne, kuma a daji za ka biya shi. Ko dai ka biya shi a tukunya, wato ka zuba wa abincin ruwa ka dafa, ko kuwa ka biya shi a cikinka, wato ka ci busasshe, ƙishirwa ta taso ka sha. Saboda haka ba duk busasshen abinci ne guzuri ba. Kafin ka sa wani abu a jaka, auna shi da wannan: ruwa nawa zai sha, wuta nawa zai ci, kuma ƙarfi nawa zai ba ka a madadin nauyinsa?

Na taɓa raka wasu samari kwanan daji a gindin wani dutse. Sun sayi wake da doya da ɗanyen tumatir da attarugu, suna murna za a yi fate. Kafin azahar tumatir ya dame a cikin jaka, ya ɓata tufafin mai ɗauke da shi. Wake kuwa aka ɗora shi da la'asar, aka yi ta tura itace ana ƙara ruwa, har aka yi isha bai nuna ba, jarka ta yi rabi. A daren nan abin da ya fid da mu kunya shi ne garin kwaki da ƙuli-ƙulin wani yaro da aka yini ana yi wa dariya. Wake busasshe ne, ba shakka, kuma abinci ne mai gina jiki. Laifinsa kawai bashinsa ya yi yawa. Da garin ɗanwake suka ɗauko, wanda aka riga aka haɗa da kuka da kanwa, da cikin kwata guda na awa an ci an ƙoshi, ga shi kuma waken dai ne.

A kasuwa

A ce ka shiga babbar kasuwar Jimeta da takardar cefane a hannu. Fara da abin da ba ya bukatar wuta ko kaɗan, domin ranar da ruwan sama ya jiƙa itace, ko kuka isa zango a gajiye cikin duhu, shi ne zai tsaya maka. Garin kwaki ne sarki a nan. An riga an gasa shi tun wurin sarrafawa, ruwan sanyi kaɗai yake so, da ɗan sukari, ko kuwa a kwaɗa shi da garin ƙuli da yaji da ɗigon man gyaɗa. Ɗebi kaɗan ka tauna: mai kyau yana ƙaras-ƙaras, kuma idan ka dunƙule shi a tafin hannu ka saki sai ya warwatse. Wanda ya dunƙule ya sha danshi, bar wa mai shi. Bayan gari sai ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da soyayyiyar gyaɗa, da aya, da dabino. Waɗannan su ne abin jefawa a baki ana tafiya, ba sai an sauke kaya ba.

Gyaɗa ta cancanci a dakata a kanta, domin alherinta babba ne, haɗarinta kuma ɓoyayye. Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin 4 kawai yake bayarwa, ita kuwa gyaɗa kusan rabinta mai ne. Ke nan a nauyi ɗaya ta fi gari ba da ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma gyaɗar da aka adana da danshi takan kama wata funfuna mai fitar da guba da masana suke kira aflatoksin. Gubar tana lalata hanta a hankali, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Masara ma tana kamuwa. Don haka ka baza gyaɗar a faifai ka tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda. In ka tauna ka ji ɗaci, tofar. Ƙuli-ƙuli kuwa, tunda ba ka ga gyaɗar da aka yi shi da ita ba, ka saya wurin wadda ka sani, ko wadda mutanen gidanku suka saba da ita. Araha ba ta ado, balle a abin da zai shiga ciki.

Sai nama. Ka san kilishi, amma wataƙila ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake yinsa ba. Mahauci yana zaɓar tsoka zalla, ya cire kitse da jijiya, ya fiɗe ta fale-fale kamar takarda, ya shanya a kan gadon kara. In ta bushe sai a tsoma ta a labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sa'annan a nuna ta ga garwashi. Lura da cire kitsen nan: kitse ba ya bushewa, kuma shi ne yake fara juyawa ya yi wari. Kilishin guzuri shi ne wanda in ka lanƙwasa yake karyewa. Mai taushi ya fi daɗin tauna, amma na ci yau ne. Kuma kada daɗi ya ruɗe ka: gishirinsa da yajinsa suna kiran ruwa. Ajiye shi sai yamma, a zango, inda ruwa yake kusa, ba da tsakar rana a tsakiyar hawa ba.

Mutanen bakin Binuwai ba a koya musu banda. Tarwaɗa da karfasa da ake kamawa a kogin da tafkin Geriyo, ana ƙyafe su a kan hayaƙi har su bushe. Karya ɗaya ka duba ciki. In ka ga gari-gari ko tsutsa, ƙwaro ya riga ka. In kuwa ka ji wani wari irin na maganin feshi, ka yi gaba kada ka waiwaya, domin akwai marasa tsoron Allah da suke zuba wa kifi da wake maganin ƙwari don kada su yi asara. Wanda ka saya, ka ƙara gasa shi kaɗan a gida, ka cire ƙaya, ka daka shi ya zama gari. Cokali biyu na garin kifi suna tayar da miyar mutum biyu, kuma ba ƙayar da za ta huda maka leda.

Kayan miya ba sa bukatar dogon bayani, duk suna nan a busasshe tun kaka da kakanni: kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗa, da gabu, da daddawa, da barkono. Ƙara da tsamiya ko garin kwalba, wato farin garin 'ya'yan kuka, domin shanya tana rage bitamin C a yawancin kayan lambu, shi kuwa garin kwalba yana da shi da yawa. Abin da ka saya a leda ko kwali, kamar madarar gari da taliya, duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

A gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka mako guda aƙalla, kuma ka san lokacinka. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar Yola busasshiya ce, shanya ba ta ba da wahala, sai dai ƙurar hunturu. Da damina kuwa kwarin Binuwai cike yake da laima, abin da ka shanya yakan yi funfuna kafin ya bushe. A lokacin gwamma ka dogara da wuta.

Ƙa'idar shanya ba ta da yawa. A yanka abu siriri, kuma bai ɗaya, don ya bushe tare. A ɗaga shi daga ƙasa, a kan tire ko tabarma mai tsabta bisa tebur, a rufe da yadi shara-shara saboda ƙuda. A shigar da shi ɗaki kafin raɓa ta sauka. Tumatir da kuɓewa da albasa rana suke so, amma ganye irin su zogale da yakuwa a inuwa ake shanya su inda iska take kaɗawa, in ba haka ba launinsu da amfaninsu su gudu. Shanyar gefen kwalta da kake gani a hanyar Numan ko ta Mubi, inda awaki suke takawa, motoci suna watsa hayaƙi, ba abin koyi ba ce, ko da kuwa kowa yana yi.

Akwai dabarar da take rage bashin ruwa da na wuta ƙwarai, ita ce a dafa abu a gida tukuna sa'annan a busar. Ɗauki shinkafa. Dafa ta da sassafe ba mai, ta nuna amma kada ta caɓe, ka tsane ta, ka baza ta a tire ba tare da tudu ba, ka sa a rana kana motsawa. Wajibi ne ta bushe a ranar, domin dafaffiyar shinkafa da ta daɗe da ɗumi da danshi tana haifar da ƙwayoyin da suke sa amai da gudawa. In yamma ta yi ba ta gama ba, ƙarasa ta a kasko bisa wuta kaɗan. Idan ƙwayar ta koma tauri kamar ɗanya, ta yi. A daji sai ka zuba mata tafasasshen ruwa, ka rufe, bayan kamar minti goma ka ci. Wannan dai ita ce hikimar taliyar leda da yara suke so, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japan a 1958: an turara ta, an soya ta har ruwanta ya fita, shi ya sa ba ta daɗewa a wuta. A Turai da Amurka masu yawon duwatsu suna sayen abincin da aka daskarar, aka zuƙe ƙanƙarar jikinsa da na'ura ba tare da ta narke ba, irin wanda ake yi wa 'yan sama jannati. Yana da sauƙin ɗauka, yana da tsada, kuma ban ga abin da zai yi maka wanda dambun nama da shinkafar nan ba za su yi ba.

Dambun naman ma a gida ya fi. A dafa tsoka da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a daka a turmi ta warware zare-zare, a soya da mai kaɗan ana juyawa har ta yi wasar-wasar. Sirrin shi ne haƙuri a wurin suya, da barinsa ya huce sarai kafin a rufe. Duk abin da aka ƙulle da zafinsa zai yi gumi a cikin leda, gumin nan kuwa shi ne ruwan da ka sha wahalar korewa. Don karin kumallo, ɗan Adamawa ba ya rasa kunun gyaɗa: riƙe markaɗaɗɗiyar gyaɗa a roba mai murfi, garin shinkafa ko na gero a ledarsa, tsamiya da sukari a gefe.

Kada ka zuba komai a buhu ɗaya. Ƙulla abincin kowane ci daban, ka matse iskar ledar, ka ninka ta biyu, ka rubuta a jiki: daren farko, safiyar biyu. Haka ba za a cinye na jibi a yau ba. Man gyaɗa a gora mai murfin murɗawa, ashana a leda tata ita kaɗai, kananzir da sabulu kuwa nesa da gari, domin gari yana ɗaukar wari.

Lissafi

Mai tafiya da kaya a baya yana ci fiye da mai zaman aji. Mu ƙaddara giram 700 na busasshen abinci ga kowane mutum a yini. A ce ku shida ne, tafiyar kwana uku. Kada ka lissafa uku, lissafa huɗu, don rafi yakan cika ya tsare mutane, mota takan lalace, wani yakan gurɗe. Shida sau huɗu 24, sau 700 ya zama giram 16,800, wato kilo 16.8. In an raba, kowa ya ɗauki kilo 2.8. Wannan ba kaya ba ne. Kayan gaske ruwa ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mai tafiya cikin zafi zai sha lita uku ko huɗu ko fiye a yini, ban da na girki. Ba wanda zai iya dakon ruwan kwana huɗu. Ashe kafin ka yanke shawarar abin da za ka dafa, sai ka tambayi ɗan jagora ko mai unguwar wurin inda ruwa yake a hanyar, da ko yana kaiwa rani. Wurinsu ne kuma za ka ji ko hanyar lafiya take. A gandun daji na gwamnati ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikata. In ruwa yana da nisa, rage abin dafawa, ka ƙara dabino da dakuwa. In zangonku bakin rafi ne, tuƙa tuwonka da miyar kuka ka more.

Ruwan rafi, komai haskensa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, har wanda za a jiƙa gari da shi. Mutane da yawa suna tafasa na shayi su manta da na gari. In ya yi gurɓi, a bari ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta tukuna. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Idan kuma gudawa ta kama wani, a auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi yana kurɓa, a kuma nemi hanyar asibiti.

Da dare a rataye jakar abinci a reshe, a shafa toka ko ɗan mai a igiyar saboda tururuwa, kuma kada a bar ta a buɗe inda birai suke. A dafa daidai ci, domin abin da aka mayar wa ruwa ya koma ɗanye, ba ya kwana. Kafin a tashi a kashe wuta da ruwa ko ƙasa har toka ta yi sanyi, ciyawar rani ba ta jira. Ledojin da suka zo da ku su koma da ku. Saniyar da ta haɗiye leda takan rame har ta mutu, makiyayin kuwa bai san wanda zai tuhuma ba.

Ma'anar wasu kalmomi

fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa a ayari
zango: wurin da matafiya suke sauka su kwana
kauɗa: busasshen tumatir
gabu: busasshen ganyen albasa
banda: kifi ko nama da aka busar da hayaƙi
tunkuza: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka matse wa mai
funfuna: abin da yake tsirowa kamar auduga a kan abincin da ya sha danshi

Nazarin harshe

Lura da kalmar busasshe. Daga aikatau bushe aka samo ta, kuma tana sauyawa bisa jinsi da adadi: busasshen kifi, busasshiyar kuɓewa, busassun ganyaye. Haka dafa take ba da dafaffe, dafaffiya, dafaffu. Nemo irin waɗannan siffofi guda huɗu a cikin bayanin, sa'annan ka gina naka daga gasa, jiƙa, daka da ruɓe, ka sa kowace a jimla.

Tambayoyi

1. Me marubucin yake nufi da cewa ruwan da aka cire a gida bashi ne?
2. Wake busasshe ne, amma bai dace da tafiyar samarin nan ba. Don me? Me ya kamata su ɗauka a madadinsa?
3. Ta yaya za ka gane gyaɗa da banda da bai kamata a saya ba?
4. Me ya sa ake son dafaffiyar shinkafa ta bushe a rana ɗaya?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da aka kawo game da gora, ka kawo makamancinta daga harshenku.
6. Ku tara ne, za ku yi kwana biyu. Bi hanyar lissafin da aka nuna ka fitar da nauyin abincin da kowa zai ɗauka.

Jinga

Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku irin guzurin da ake yi wa matafiyi a zamaninsu, da sunansa a harshenku, da yadda ake shirya shi. Rubuta abin da ka ji da Hausa cikin sakin layi uku, ka kawo aji mako mai zuwa.